Fiffiken Mazari a Hannun Yaya

Ƙamshin laka da ɗanyen ganyen shinkafa ne ya tarbe ni a Tanda da safen nan, tun ban sauko daga kabu-kabu ba. Saura kwana uku a sa Yaya a lalle, ni kuwa na riga na cika baki: ni zan zana mata hannu, kuma zanen da ba a taɓa gani a Gaya ba. Ta ce ta ji, amma in Laraba ta yi ban nuna mata komai ba, mai lallen kartiyenmu, wato unguwarmu, za ta kira, a yi mata furanni irin na kowa.

Fiffiken mazari nake so, ƙwaron nan mai siririn jiki da fukafukai huɗu da ke shawagi bisa ruwa. Lokacin ina shekarar ƙarshe a lise, babbar sakandare. Baba ya kawo mini wani ɗan gilashi daga kasuwar Malanbil, wanda ake maƙala wa portabul, wayar hannu, ya mai da ƙwayar gero kamar goro. Sai dai dole a matso da shi kusa da abu, faɗin yatsa biyu, in ba haka ba dishi-dishi kawai ake gani.

Na yi ta sanɗa a gefen gonar Gwaggo, ƙanwar Baba, har hantsi ya ɗaga. Na samu foton laka, da na sama, da na babban yatsan ƙafata.

Gwaggo ta miƙe daga cirar ciyawa, ta dafa ƙugu.

"Ke 'yar lekol, da ƙafa za ki kama mai fiffike?"

"Ba kama shi zan yi ba, Gwaggo. Foto kawai."

"To shi kin gaya masa?"

Ta karyo busasshen kara, ta kafa a bakin ruwa. "Zauna nan. Kowannensu da wurin zamansa, kamar tsofaffin ƙofar masallaci. In ya tashi, nan zai dawo."

Na zauna, zanen da na ɗaura ya jiƙe har gwiwa. Can sai wani ja wur ya sauka a kan karan. Na motsa, ya tashi, ya kewaya, ya dawo. Sau nawa ya yi haka ban ƙirga ba. Duk tashin da ya yi sai in ƙara matsowa kaɗan. Da na iso kusa, hannuna ya kama rawa. Gwaggo ta soka fartanyarta a laka, ta ɗora tsintsiyar hannuna a kan ƙotar.

Na riƙe numfashi. Idanunsa biyu suka cika fuskar portabul, sun haɗu a tsakar kai kamar duwatsun wuya. Na gangara zuwa fiffiken. Ashe ɗakuna ne ƙanana birjik, babu biyu masu kama da juna, kowanne da 'yar ranarsa a ciki. Na danna. Har yau ina jin daɗin da ya ratsa ni.

A gida Yaya ta daɗe tana kallon foton. A bakin kowane fiffike akwai wani baƙin ɗigo mai ɗan tsawo.

"Wannan dattin gilashi ne," na ce. "Ba zan sa shi ba."

"Datti ne zai zaɓi wuri ɗaya a fiffike huɗu? Ƙanwata, sa mini abina."

Na zana mata tun daga tsintsiyar hannu, ɗaki bayan ɗaki, ɗigon ya faɗo kusa da farce. Ranar wuni mata suka yi ta juya hannun nata. Wata kakarmu ta ce ai wannan taru ne, ango ya shiga ba fita. Yaya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya, amma hannun ta bar shi a waje.

Sai da na yi shekaru a jami'a a Yamai na karanta cewa ɗigon nan ya fi sauran fiffiken nauyi, kuma shi ke hana shi kaɗawa barkatai in mazari ya saki jiki a iska.