Manay Luding, Mai Hoton Kangon Cagsawa

Ba a taɓa ganin Manay Luding, wato Yaya Luding, a zaune ba. Ko a coci, inda kowa ke neman benci ya sauke gajiya, ita can baya take tsayawa kusa da ƙofa, ana cewa amin ta fice. Abinci ma a tsaye take cinsa, shinkafa da ganyen gwaza a leda, tana ci tana sauraron ƙarar motar baƙi. Shekararta hamsin da tara, kuma arba'in da bakwai daga ciki a filin kangon cocin Cagsawa ta yi su.

Da faranti a ka ta fara, tana yarinya, tana sayar wa baƙi alawar pili, wata irin gyaɗar bishiya. A nan ta haɗu da Eking, mai yawo da kyamara a wuya, wanda ke ɗaukar mutane hoto a gaban hasumiyar kangon ya aika musu ta gidan waya. Sau uku yana ɗaukarta bai karɓi ko sisi ba. A na huɗun ta ce masa in aure yake so ya buɗe baki ya faɗa, ta gaji da murmushin banza. Suka haifi ɗa ɗaya, Pidoy, wanda take kira Noy. Shekarar da mahaukaciyar guguwa ta kwaso taɓo da duwatsu daga kan Mayon, dutse mai aman wuta da ke bayan kangon, ta bi ta ƙauyensu, Eking ya koma ɗauko wata tsohuwa maƙwabciyarsu, daga shi har ita ba a sake ganinsu ba. Kyamarar tana cikin jakar Luding. Kwana tara aka yi ana addu'a, ran na goma ta rataya ta ta fito fili, mata na gulma. Ta ce in ta zauna a ɗaki haukacewa za ta yi, kuma gaskiyarta ce.

Da waya ta zo ta kashe sana'ar kyamara, masu hoto da yawa suka watse. Ita ko a jikinta. Baƙo yana da wayarsa, amma bai san inda zai tsaya ba, to nan abincinta yake. Sai ta fizge wayar, ta ja shi da hannun riga, ta dasa shi a wani wuri, ta ce ya buɗe tafinsa. In ya duba, ga hasumiyar ƙararrawa zaune a tafin hannunsa, ga Mayon a bayansa. Wata ta turo baki, sai ga ta tana sumbatar ƙololuwar dutsen. Wani ya yi tsalle, sai ga shi ya ƙetare ginin da ya shekara ɗaruruwa a tsaye.

"Ɗaga hannun, yallaɓai! Ba gaisuwa na ce ba, ɗaga! Ke kuma madam, mayar da tumbin nan ciki, ba a yankar masa tikiti ba!"

Su yi dariya su bi umarni. Baƙin nan dai sai haƙuri. Sun sauko daga cocin Daraga, suna saurin zuwa tafki, mota na jiransu, kuma da ƙyar ka sami ɗaya da zai tambayi su wa ke kwance a ƙarƙashin ƙafarsa tun ranar da dutsen ya binne garin. Su dai a fito da su da kyau. Luding tana tsaki a ranta, amma gaggawarsu ta dace da jininta, shi ya sa suke shiri.

Shekara biyu ke nan da yanar ido ta fara rufe mata gani. Rubutun waya ne ya fara ɓacewa, sai fuskoki, daga ƙarshe dutsen kansa. Ba ta gaya wa kowa ba. Sai ta koma ƙirge: taku goma sha bakwai daga kusurwar hasumiya zuwa dutsen da take durƙusawa a kai, gajeren mutum a ƙara masa taku uku baya, dogo a rage biyu. Duhun hasumiya tana ganinsa, inuwar mutum ma haka, babban yatsanta kuma ya san inda zai danna. Kowane hoto sai ta ɗauki goma, ɗaya ba zai rasa yin daidai ba. Mayon ce kaɗai ta gagare ta, domin ko a fili take ko a cikin gajimare, fari ɗaya Luding ke gani. Nan sai ta dogara da kunne. In dutsen na rufe, fili shiru yake, baƙi na ƙunƙuni. Da zarar gajimare ya gusa sai wurin ya ɗauki ihu, kuma muryar da ta fi ta kowa ita ce ta Puring, ƙawarta mai sayar da jakunkunan saƙa a bakin fili.

Abin da take gudu kuwa ba makanta ba ce, Manila ce. Can Pidoy yake gyaran na'urar sanyaya ɗaki, yana zaune da matarsa Charito a hawa na shida, ɗaki biyu. Sau ɗaya Luding ta je. Kwana uku ta yi tana kai da komo a baranda har maƙwabta suka yi ƙorafi, ta tattara ta dawo. Tun Kirsimetin bara da ya ga ta zuba gishiri a kofinsa maimakon sukari yake binta da magana ɗaya a waya:

"Mama, ranar da na ga idon nan ya fi haka, ba shawara zan yi da ke ba. Ɗauke ki zan yi, a yi aikin, ki zauna a wurinmu."

"Idona garau yake. Naka ne ke buƙatar gyara, tunda ba ka ganin hanyar gida sai sau ɗaya a shekara."

Aikin bai dame ta ba. Zaman ne ke tsinka mata zuciya. Ta ga waɗanda 'ya'yansu suka ɗauka: sati biyu ƙungiyar masu hoto ta ba wani katinsu na aiki a fili, domin matasa na nan a layi, kuma ba ta san ko ɗaya da ya dawo ba.

Ana cikin makon Ista Pidoy ya bugo ya ce ga su nan ranar Alhamis, shi da Charito da iyayenta, sun yi hayar ƙaramar bas za su zaga coci bakwai kamar yadda aka saba a ranar. Surukinsa tsohon hedimasta ne, bai taɓa ganin Mayon ba sai a littafin karatu, don haka da kango za su fara, da sassafe kafin zafi. Luding ta gane jarrabawa ce. Ran Laraba sau huɗu tana sake auna filin da ƙafa, har Puring ta tambaye ta ko ɗankunne ta yar.

Suka iso ana buɗe ƙofa, ciyawa duk jiƙe da ruwan da aka yi da asuba. Babu kowa a fili, rumfuna ma ba a buɗe ba. Pidoy ya kama hannunta ya kai goshinsa, Charito ma haka. Luding ba ta ba su damar kallon fuskarta ba.

"Balae, sannunku da hanya," ta ce wa iyayen Charito, da sunan da iyayen ma'aurata ke kiran juna. "Gaisuwa sai an gama. Kawo wayar, Noy. Balae namiji nan, kai dogo ne, matso gaba. Buɗe tafinka. Sama kaɗan! Charito, bar gyaran gashin nan, iska ba ta san ki ba."

Ta jera su, ta ja da baya tana ƙirge a zuci, ta durƙusa a kan dutsenta, ta ɗaga wayar. Komai ya zauna daidai. Sai ta kasa kunne.

Shiru. Babu wanda ya ce uffan, ko hedimastan da ya yi kwana guda a mota don ganin dutsen. A saninta shiru irin wannan ma'anarsa ɗaya ce, ga kuma ruwan da aka yi. Ta sauke wayar.

"Ku ɗan jira. Mayon ta lulluɓe, amma yanzun nan za ta buɗe."

Wani ya yi gyaran murya. Babu wanda ya motsa.

"Haka take, sai an lallashe ta," in ji Luding. "Akwai Baturen da ya kwana huɗu a garin nan bai ga ko ƙafarta ba. Balae, kada ka sauke hannun, ba ta sanarwa."

Hedimasta bai sauke ba. Mutum ne da bai saba musa wa mace a gaban ɗanta ba, balle a rana irin wannan. Minti biyar, minti goma. Luding ta miƙe, ta zaga, ta dawo ta durƙusa, ta sake miƙewa. Bakinta bai tsaya ba: labarin ƙararrawa, labarin mutanen da suka fake a cocin, tsadar barkono, duk ta zuba musu. A waje direba ya danna hon, domin coci bakwai na gabansu kuma kango ba ya cikin bakwai ɗin. Haushin dutsen ya kama ta. Shekara arba'in da bakwai tana tallar Mayon, yau ɗaya da take neman alfarma ta ƙi.

"Mama," in ji Pidoy, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ta fito. Ɗauka."

Ta danna, ta danna, ta danna, har goma sha biyu, zuciyarta ta yi sanyi. Tana miƙa masa wayar ke nan sai ga Puring ta shigo da ƙunshin jakunkuna a kafaɗa, tun daga nesa take kwarmato:

"Manay! Me kika shanya bayin Allah kina jira? Tun daga kan gada nake hangen bawan Allahn nan da hannu a sama! Yau ai tun gari bai waye ba take tsirara, ko ƙyallin gajimare babu. Rabon da in gan ta haka tun Janairu!"

Luding ta tsaya cak, abin da ba ta taɓa yi ba. Ashe shirun nasu na mamaki ne da farko, daga baya ya koma na kunya. Ashe rubu'in awa suka yi suna kallon dutsen ƙiri-ƙiri suna kallonta, kuma ɗanta ya yi ƙarya don ya rufa mata asiri a gaban surukansa. Wannan ƙaryar ta fi komai yi mata ciwo. Da faɗa ya yi mata, da ta san abin da za ta mayar masa.

"Duba hoton," ta ce da ƙarfi. "Duba mana! Ka nuna mini mai idon da zai ɗauki wanda ya fi shi."

Pidoy ya duba. Ya daɗe yana dubawa.

"Ya yi kyau, Mama. Duk sha biyun sun yi kyau."

"To, me ya rage?"

Hedimasta ne ya matso yana murza kafaɗarsa. "Balae, hannuna ya yi tsami, amma a falo zan rataya hoton. Akwai wuri a mota. Ki zo mu yi addu'ar tare, ke kika san cocin ƙasar nan."

Ta san ba maganar coci ake yi ba. Puring ma ta gane, domin ta sauke ƙunshinta ta shiga warware igiyar da ba ta buƙatar warwara. Luding ta taɓa katin da ke wuyanta, ta tura shi cikin riga.

"Bakwai ɗin kawai. Da yamma ku dawo da ni."

"To, Mama."

"Puring, kada ki bari kowa ya hau mini dutse."

"Wa ya isa, Manay," in ji Puring.

Luding ta wuce gaba da sauri, ta bar su a baya. Ta kauce wa ramin da ke gefen hasumiya, ta tsallake saiwar bishiya, ta bi tsakanin rumfuna ba ta goga ko ɗaya ba, kanta a sama, don duk mai kallo ya gani. Ta fita ƙofar. Ita kullum ta hanyar gona take zuwa ta koma, rabonta da wajen ajiye motoci tun idonta na gani. Yanzu wurin ya fara cika, injuna na ruri ta ko'ina, wani babur mai ƙafa uku ya wuce har iskarsa ta kaɗa mata siket. Fararen abubuwa manya-manya ne jere a gabanta, ba ta san wanne ke tsaye ba, wanne ke tahowa. Ta ɗaga ƙafa, ta mayar. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta ji ba tun daren guguwa.

Ta ji takunsa ya iso bayanta ya tsaya, bai taɓa ta ba, yana jira.

"Noy," ta ce ba ta juya ba, ta miƙa hannu gefe. "Kama ni. Kada ka ja ni, ka ji? Kama ni kawai."