Talabijin ɗin da Aka Auna da Gyale

Ko tsufa zai kwashe mini komai a ka, har in riƙa neman hulata tana bisa kaina, akwai abu guda da ba zai iya ɗauka ba: yadda na sayo wa ɗiyata talabijin ɗin kayan ɗaki. Ko yanzu in na tuna, sai in ji kunnuwana sun yi zafi kamar an ɗora su a kasko.

Ni mutumin Gusau ne, tayoyin babur nake sayarwa, amma a wancan lokacin in ka ji ina bayanin talabijin sai ka rantse a hannuna aka ƙera ta farko. Shekara da shekaru ina zama layin gaba a gidan kallon ƙwallo, kun ga kuwa ai digiri ne. Da ɗiyata ta fari ta gama karatu, ta kawo wanda take so, wani malamin makaranta ɗan Bungudu, aka sa rana, sai na ce wa uwarta: gado da kujeru da tukwane ku mata ku ji da su, amma talabijin kada wanda ya sa mini baki. Uwar ta ce yarinyar ta aiko ta da saƙo, don ita kunya ba ta barinta ta faɗa mini: wai ko ƙarama ce ta ishe ta, in dai tana nuna mutum kamar mutum. Na ce an ji. Irin jin da ake yi wa mai tallan maganin gargajiya a tasha.

Ana saura 'yan kwanaki jere, sai ga yayata ta sauka daga Tsafe. Ita ce gwaggon amarya, kuma a danginmu ba a taɓa aurar da ko kaza ba tare da ta duba ƙafafunta ba. Ko ruwa ba ta sha ba ta warware gyalenta, ta nuna mini wani ƙulli da ta yi kusa da bakinsa.

“Ka ga wanga ƙulli?” in ji ta. “Daga wancan bakin gyale zuwa nan, faɗin talabijin ɗin ɗiyar maƙwabciyata ke nan. Ranar da munka tai ganin ɗaki na yi kamar ina share mata ƙura, na auno ta. Tamu in ba ta wuce ƙullin ga ba, ni ba ni zuwa Bungudu.”

Na ce, “Yaya, ai talabijin ba yadi ba ce da za a auna ta da zane.”

Ta ce, “Tashi mu tai.”

Haka muka shiga Sabon Gari, ni a gaba da ilimina, ita a baya da gyalenta. Mai shagon na ganinmu ya kira ni Alhaji, ni da ko sansanin alhazai ban taɓa shiga ba sai rakiya. Bayan an sha ciniki da surutu, magana ta tsaya kan guda biyu.

Ta farko 'yar madaidaiciya ce, amma da ya kunna ta sai da na ja da baya. An nuno tumatir da raɓa a jikinsa, wallahi na kusa miƙa hannu in tambayi nawa kwando. An nuno wani tsoho yana dariya, har na ƙirga haƙoran da suka yi masa saura. Kuɗinta kuwa, da ya faɗa, sai da na nemi kujera. Ɗan bijimi ne sukutum, da igiyarsa.

Ta biyu kuma ba talabijin ba ce, ƙofar gareji ce aka sa wa waya. Kuɗinta bai fi na rago mai ƙaho ba. Da na ce a kunna, sai mai shago ya sa mana katun. Wannan dabara sai daga baya na gane ta: a katun ai babu wanda ya san asalin launin kowa, in kare ya fito shuɗi sai ka ce haka Allah ya yi shi. Na ce a'a, a sa mana mutane. Ya yi ta 'yan dabaru da waya kamar mai kwance tarkon ɓera, daga ƙarshe ya sa ƙwallo. Filin ya fito kalar miyar kuka da ta kwana, 'yan wasan kuma gajeru masu faɗi, kowane kamar buhun gero da aka sa wa gajeren wando.

“Saiti ne kawai, Alhaji,” in ji shi. “Kuma sai ta yi zafi take gyaruwa. Kamar mota.”

Na gyara tsayuwa na fara lacca. Na yi bayanin launi, na yi bayanin haske, na kawo misali da ido da madubi. Ina cikin zuba, Yaya ta wuce ni ta shimfiɗa gyalenta a kan ƙaramar. Ko rabin hanyar ƙulli ba ta kai ba. Ta yi tsaki, ta matsa ga babbar. Ta wuce ƙullin, ta cinye gyalen gaba ɗaya har bakinsa na biyu, cif.

“Kai dai ba ka da wayo tun kana yaro,” in ji ta. “Ranar ganin ɗaki wa ka kunna talabijin? Mata na shigowa su dubi bango, su ga abin da uban yarinya ya iya, su yi guɗa su fita. Kuma unguwar da za a kai ta, yaushe rabon su da wuta? Tumatirin ga naka mai raɓa, cikin duhu za su gane shi?”

Zan so in ce muku na yi gardama har rana ta faɗi. Gaskiya ita ce, tun da aka ambaci rago da bijimi ilimina ya fara narkewa kamar man shanu a rana. Na shafa gemu irin na manyan masana, na ce lallai maganar babba ba a ƙetare ta. Aljihuna har guɗa ya yi. Saƙon amarya kuwa, babu wanda ya tuna da shi a cikinmu.

Aka yi jere, aka kafe babbar a bangon falo, ta rufe shi har da rabin agogo. Aka ɗaura aure lafiya, aka kai amarya. Washegari ranar ganin ɗaki, ina zaune a gida da azahar, na sa hannu a aljihun babbar rigata sai na ji rimot. Uban amarya ba shi da abin yi a taron mata, kowa ya sani. Zan iya aikawa da shi, zan iya barinsa har mako. Amma zuciya ta ce, je ka ji da kunnenka yadda ake yabonka. Na hau babur sai Bungudu.

Mahaifin ango, dattijo mai fara'a, ya tarbe ni da mamaki, ya shimfiɗa mana tabarma a rumfar da ke jikin tagar falon, na ba da rimot aka shiga da shi. To, a nan girman talabijin ya yi rana, don daga inda nake zaune ina hango fiye da rabinta. Na tabbata da an buɗe labule sosai, mutanen Tsafe ma da sun gani.

Kuma yabo na sha shi. Mata na shiga suna salati. Wata ta ce ko a gidan gwamna sai haka. Ina jin muryar Yaya tana cewa, “Ai ƙanena ba ya wasa da ɗiya.” Ni kuwa ina ta kumbura a tabarma, ina cewa surukina ai ba komai ba ne, ɗan abin da ya sawwaƙa ne.

Sai fanka ta motsa.

Wutar da aka ce an manta kamanninta a unguwar, ita ce ta zaɓi wannan rana ta zo ganin ɗaki. Yara suka ɗauki ihu a waje. Ƙanwar ango, mai rimot a hannu da bidiyon biki a filashi, ta ce bari a nuna wa baƙi walimar jiya.

Uwar ango, Hajiya, mace ce siririya, fara, mai kamun kai, wadda in ta shigo wuri ake rage murya. Ita mai bidiyon ya fara ɗauka, tana zaune cikin farin leshi. Abin da ya fito a bangon ɗiyata kuwa wata halitta ce koriya shar, mai faɗin rumbu, leshinta kalar ruwan kwata, ta cika allon daga wannan kusurwa zuwa waccan. Sai wata tsohuwa daga dangin ango, wadda idonta ya yi rauni amma bakinta na nan garau, ta ɗaga murya:

“Wace ce wagga ƙatuwa da ta cinye kujera biyu? Daga dangin amarya take?”

Hajiya na zaune a gabanta.

A nan kumburina ya sace. Ta tagar na hango ɗiyata a gefen kujera, lulluɓe, ta sunkuyar da kai har yana neman taɓa gwiwa. Kwananta ɗaya a gidan mutane, kuma kayan da ubanta ya kawo sun zagi uwar mijinta a gaban dangi. Ƙanwar ango ta rikice tana ta danna rimot, maimakon ta mutu sai ƙara ta ƙaru. Ni ko na rasa inda zan sa fuskata, na shiga yaba wa surukina ingancin tabarmarsa.

Sai na ga Yaya ta yi wani tsalle da ban san tana da shi ba, ta fizge gyalenta ta yafa wa talabijin ɗin. Ya rufe ta ruf, daga baki zuwa baki, ko yatsa bai rage ba. Aunawa ta yi amfani.

“Hasken na ɓata ma amarya ido,” in ji ta.

Can sai Hajiya ta yi gyaran murya.

“Ku buɗe ta,” in ji ta. “Tun ina budurwa nike shan maganin ƙiba bai karɓe ni ba. Yau surukaina sun yi mini ita kyauta, za ku rufe?”

Falo ya fashe da dariya. Mata suka riƙa faɗuwa kan juna, kowa na cewa a kai wurin da take ta ga nata rabon. Hajiya ta jawo ɗiyata jikinta tana dariya har da hawaye. Allah ya saka wa matar nan da alheri, don ita ta ɗinke abin da ni da Yaya muka yaga. Surukina ya leƙa taga, ya dawo ya dube ni, ya ce, “Malam, ni dai ina roƙon kada a kai wurin ɗaurin aure.” An kai. Na fito kamar kwaɗon da ya haɗiye tulu.

Da safe na koma Sabon Gari neman canji. Mai shago, wanda yanzu na koma Malam a bakinsa, ya ce an fasa kwali, babu canji, kuma ƙaramar ta ƙara kuɗi. Na saye ta a haka. Wato na gudu daga bijimi, na dawo na biya bijimi da rago da kuɗin mota.

Da na kai mata aka kunna, bidiyon nan dai aka sa. Ɗiyata ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, “Baba, ga ka nan kai ma kamar mutum.” Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Babbar tana zaurena har yau. Ina kallon ƙwallo a cikinta ni kaɗai, buhunan gero ashirin da biyu suna gudu a cikin miyar kuka. Yaya in ta zo takan dube ta ta ce, “Duk da haka, ta fi ta ɗiyar maƙwabciyata.”

Abin da na koya shi ne, in za ka sayi abu, saya wa idon da zai kwana ya tashi da shi, ba idon da zai leƙo ya yi guɗa ya wuce ba. Kuma kada ka taɓa gina mutuncinka a kan cewa ba za a kawo wuta ba.