Taguwar Malam Dodo

Yana buga matatar iskar motar a jikin turken rumfa, sau uku a hankali, kamar mai kaɗe hular sallah, rairayi na zuba bisa yatsun ƙafarsa. Shekara goma sha tara ke nan Malam Dodo na Belbeji yana buɗe safiyarsa da haka. In ya mayar da matatar, sai ya zaro ƙarfen awon mai ya duba, sannan ya durƙusa ya karanta ƙasan motar yadda makiyayi ke karanta sawu. Ɗigo baƙi na inji ne, ja na giya ne. Wanda ya fi tsoro shi ne ruwan sanyaya inji, don in ya tsiyaye a daji, tafiya ta ƙare.

Ran nan ya daɗe a durƙushe fiye da kullum. Autansa Zakiyyu ya iso daga Agadas jiya, kuma ya zo ne don ya raba shi da motar.

Baƙa ce, doguwa, irin ta manya, kujerunta na fata. Asalinta ta Alhaji Almustafa ce, falken raƙuma, wanda Dodo ya yi wa tuƙi tun yana da baƙin gemu. Da Alhaji ya ji ƙarfinsa ya ƙare, ya miƙa masa makulli ya ce, "Kai kaɗai take jin maganarka." Magada ba su yi jayayya ba. Sun san cikinta.

Ta kuwa ci. Ta ci rago shekarar da man kwalba na bakin hanya ya toshe mata famfon mai. Ta ci bijimi guda lokacin da giyarta ta fara shuri kamar jaki. Kusu ya shiga ya tauna wayoyinta, gilashin baya ya yi wata biyu ya ƙi tashi. Kayanta ba a samunsu a Tanut, sai an aika Damagaram, Damagaram ta aika Kano, Kano ta ce a yi haƙuri. Sanyin cikinta ya mutu tun tuni, Dodo ya ce iskar Allah kyauta ce. Duk da haka ba ta taɓa kwana a hanya ba. Kafin ya shiga rairayin Tarka sai ya rage wa tayoyi iska, ya bi ta inda ƙasa ke da ƙashi, ta wuce tana lilo kamar kwalekwale.

Ciwo ɗaya ne bai taɓa yi mata magani ba. Jikinta ba bisa ƙarfe yake zaune ba, bisa jakunkunan roba ne masu cike da iska. Roba ta tsufa, iska na sulalewa, da safe sai ka same ta gurfane, ciki dab da ƙasa. In ya tayar da inji, ɗan famfon iska ya yi gurnani, sai ta miƙe a hankali, baya kafin gaba. Makiyaya masu kawo raƙuma kasuwa suka gani, suka sa mata suna Taguwa, wato raƙuma mace.

Da hantsi suka zauna a ɗakin baƙi, shi da Zakiyyu da Sabi'u bakanike, wanda ya fi kowa sanin hanjin motar.

"Baba," in ji Zakiyyu, "garken da wannan mota ta haɗiye ya isa sadakin mutum biyar. A sayar da ita, in kawo maka mai tsayi, irin ta daji."

"Mai tsayi," in ji Dodo. "Dabino zan tsinka?"

Sabi'u ya yi dariya. "Baba Dodo, gaskiya ɗaya ce. Famfon iskar nan uku ka ƙone, don yana wahala da jakunkuna masu yoyo. Sau biyu ina samo maka sababbin jakunkuna kana kora ni da su. Wa ke yashe rijiya ya bar guga a yage?"

"Wanda ya san dalilinsa."

"To mene ne dalilin, Baba?" in ji Zakiyyu.

Dodo ya dubi makullin da ke hannunsa. Mutanen zamaninsa ba su faɗin irin wannan a gaban ɗa.

Daga bayan labule aka ji ƙwanƙwasar sanda. Rabi ce, matarsa, wadda gwiwoyi suka kama shekara shida, kowane wata sai an kai ta gidan likita a Damagaram. Ta tsaya bakin ƙofa tana numfashi.

"Auta, bara da ka ɗauke ni a motarka mai tsayi, mutum nawa suka sa ni ciki?"

Zakiyyu ya sunkuyar da kai. "Uku, Inna."

"Uku. Kamar buhun hatsi, a gaban surukaina, kallabina a ƙasa. Taguwa kuwa, ina fitowa na same ta ta gurfana tana jirana. In juya in zauna kamar bisa gadona, ba hannun kowa a jikina. Malam ya murɗa makulli, ita ta tashi da ni." Ta gyara riƙon sandarta. "Ku sayar, in kun ga dama. Amma ku gaya wa likita ya daina jirana."

Sabi'u ya tuɓe hularsa ya sosa kai.

"Ashe yoyon kake kiwo, Baba Dodo! Ai da ka faɗa. In sa mata sababbin jakunkuna, in haɗa ɗan bakin sakin iska irin na taya a gefen kujerarka. Ka danna ta gurfana, a nan ko a ƙofar likita, ba sai ta kwana ba. Famfo kuma ya huta."

"Shekara shida kana kwance ƙarƙashinta, yau hankalinka ya iso gari?" in ji Dodo.

"Ƙarƙashinta nake kallo, Baba, ban kalli wanda ke shiga ba."

Zakiyyu ya ɗago, idonsa ya yi ja. "A aika Kano, Sabi'u. Ni zan saya."

"Saya," in ji Dodo, "amma kada ka ce mata tsohuwa a inda take ji. Tsararka ce."

Ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya dubi inuwar ƙofa don ya san inda rana ta kai. Yau ce ranar likita, kuma Damagaram ba kusa ba ce.

"Hajiya, ɗauko mayafinki," in ji shi. "Taguwa na gurfane tun asuba."

Ya ɗaga labule, ya jira Rabi ta wuce gaba da sandarta, sannan ya bi bayanta ya fita, makulli na kaɗawa a yatsansa.