Zuwa Greensboro Kan Gadon Yaya Bashir

Litinin

Ina idar da sallar asuba na tayar da mota daga Baltimore. Wata biyu ke nan da rasuwar yayana Bashir, kuma matarsa, Anti Hauwa, ta kira ni tana cewa banki sun hana ta taɓa asusunsa sai da takardar kotu. Bai bar wasiyya ba. Ita kuma tana takaba, don haka neman lauya ya faɗo kaina. Na sha mai a Richmond, na sayi wani shayi salam na kora burodi. Bayan azahar na shiga Greensboro.

Da gangan na bi ta Gate City Boulevard, wanda mu a da High Point Road muka san shi. A nan Yaya ya sauke ni da na fara zuwa Amurka, a wani ciki da falo da muke kwana mu huɗu. Ginin yana nan, an sake masa fenti. Shagon da muke sayen garin tuwo kuwa ya koma filin sayar da motoci. Na daɗe a bakin titi kafin na wuce Pleasant Garden, inda Anti ta tarbe ni da tuwon shinkafa miyar kuka. Ta rame ƙwarai.

Talata

Da hantsi Malam Isufu ya zo ɗaukata a tasi ɗinsa. Mutumin Damagaram ne, ɗaya daga cikin mu huɗun nan, yanzu gemunsa ya yi fari fat. Muna tafe yana tuna mini yadda Yaya yake tashinmu sahur da buga murfin tukunya, har maƙwabta suka kai ƙararmu. Muka yi dariya.

Lauyan farko da ya kai ni, ashe na haɗarin mota ne. Shi ya kwatanta mana wata dattijuwa a wajajen Sedgefield wadda gado ne aikinta. Ta zaunar da mu ta yi bayani dalla-dalla: kotu za ta naɗa Anti mai kula da dukiyar, a sa sanarwa a jarida ko akwai mai bin mamacin wani abu, a jira wasu watanni, sannan a raba tsakanin mata da 'ya'ya. Na tambaye ta rabon mahaifiyarmu Hajiya da ke Funtuwa. Ta ce tunda akwai 'ya'ya, dokar jihar ba ta ba uwa komai ba, kuma kason yara ƙanana ba a taɓa shi.

A mota Malam Isufu ya ce, "Wannan kam sai ka san bakin da za ka faɗa wa Hajiya."

Laraba

Sai da safe na iya gaya wa Anti. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Baffan yara, Hajiya ce ta haife shi. Na yara ba zan taɓa ba, amma daga nawa za a fitar da abin da Allah ya ba ta."

Muka kira Hajiya tare. Ta yi wa Anti addu'a, ta ce a bar wa marayu. Anti ta dage. Daga ƙarshe Hajiya ta ce to, amma kafin nan a aiko mata da hular da Yaya ya fi sawa. Anti ta shiga ɗaki ta ɗauko wata tsohuwar zanna, ta naɗe a ɗankwali ta miƙa mini.

Na iso Baltimore ana kiran isha'i, hular tana kujerar gefena. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Allah ya saka wa Malam Isufu da Anti Hauwa, ya jiƙan Yaya.