Malama Arlene da ta koma cikin waya saboda Dallie

Ta ci fa! Dallie ta ci! Jiya sakamakon jarrabawar karatun ya iso. Na karanta, na miƙa wa mijina Wade ya karanta, na sake fizgewa don kar a ce idona ne ke min gizo. Yarinyata ba inda za ta je. Amma ku dakata da yi min barka, Malama Arlene Etcheverry za ku yi wa, wadda za ta ajiye aiki ƙarshen watan nan ba tare da ko jarida ɗaya ta ambaci sunanta ba. To ni zan ambata, ko da rubutun nawa a karkace yake.

Kullum da safe tana zaune a ɗan ɗakinta, can wani gari da ban taɓa takawa ba, kofi a gefe, kyanwarta na barci a kan littattafai. Sai ta kunna kwamfuta, ta ɗauko wata tsohuwar ƙararrawar tumaki ta mahaifinta ta kaɗa. "Ina kwananku 'yan aji uku! Wa ya karya, wa ya yi wa cikinsa rowa?" Sai fuskoki su fara ɓullowa a 'yan akwatuna, wannan daga kicin, wancan daga gadon asibiti. In an tashi darasi ba hutawa take ba, kiran yaran take ɗaya bayan ɗaya, ta ji karatun kowa da kunnenta.

Mu a gandun shanu muke, inda Wade ke aiki. Daga nan zuwa makarantar garin Burns tafiya ce ta kusan awa biyu a motar makaranta, lokacin sanyi kuwa cikin duhu za ta fita, cikin duhu ta dawo. Ga Dallie ba ta magana gaban baƙo. Ba kunya irin ta yara ba, muryar ce ke ɗaukewa ɗif. Shi ya sa na sa ta a makarantar intanet.

Surukata, Mama Vonda, da ta ji sai ta ajiye cokali. "Makarantar me? Wannan ai kallon talabijin ne. Nawa za su tatse ku?"

Na ce, "Mama, ko senti ba ma biya. Gwamnati ce ke biya, kuɗin harajin da ake kashe wa kowane yaro shi ke bin ta can." Na nuna mata kwalin da suka aiko, ga kwamfuta, ga littattafai, har da fenti. Na ce malaman masu takardar koyarwa ne, ana duba wanda ya zo da wanda bai zo ba, kuma bisa yarjejeniya aka ba makarantar izini, in yara ba sa koyo ana iya ƙwacewa. Abu ɗaya dai, dole babba ya zauna da yaro a gida kullum.

"Babban wa? Ke? 'Yar nan, taki makarantar kin gama?"

Ban gama ba, kowa ya sani, cikin Dallie ne ya fitar da ni. A teburin nan aka yanke magana, Wade na gyaɗa kai: in jarrabawar gwamnati ta zo Dallie ba ta ci karatu ba, za ta koma gari wurin kakarta, Litinin zuwa Juma'a. Yarinyar da ni ke taje mata kai kullum. Na ce a raina, sai dai in ƙarfina ya ƙare.

Watannin farko kyamarar Dallie a kashe take, baki gum. Malama ba ta taɓa tilasta mata ba. Ni ce ma na kira ta ina kuka, na ce rabin abin nan ban gane shi ba. Ta ce, "Maman Dallie, sanin amsa aikina ne, ana biyana a kai. Naki ki ja kujera kusa da ita, kar ki tashi. Za ki iya wannan?" Na ce zan iya.

Sai lokacin haihuwar shanu ya zo, ana zuba dusar ƙanƙara. Wata saniya ta mutu ta bar maraƙi, Wade ya naɗo shi a bargo ya ajiye gindin murhu a kicin, yadda aka saba. Ana tsakiyar kiran Dallie, maraƙin nan ya saki kuka.

Malama ta ce, "A'a! Wane ne wannan mai ƙatuwar murya? Ba wanda ya gaya min an kawo sabon ɗalibi."

Can sai na ji wata 'yar murya kusa da ni. "Maraƙi ne."

Na toshe bakina da hannu. Malama ko gezau, kamar kullum suke hira. "To a ajina ba a zaman banza. Tunda shi bai iya ba, ke karanta masa. Ni ba ruwana, kofina zan sha."

Dallie ta karanta wa maraƙi shafi guda, tana tuntuɓe tana tashi. Ta sa masa suna Biskit. Da ya koma rumfar dabbobi, can muka riƙa kai kwamfutar, mu ɗora a kan damin ciyawa, ni da kwalbar madara, ita da littafi. Kafin ƙanƙara ta narke Dallie ta kunna kyamara da kanta.

Malama Arlene, ke ce mai jiran yaro har ya iso. Ke ce kika ji kukan maraƙi kika mayar da shi darasi.

Amma ita jarrabawar gwamnati ba a yinta daga gida. Dole yaro ya je da ƙafarsa. Malaman kan watsu a jihar da motocinsu, su ari zauren coci ko ɗakin karatu, su tara yaran yankin. Namu a zauren wata coci ne a Burns. Muka fito cikin taɓo, a-kori-kurar Wade na zamewa, muka tarar Mama Vonda ta riga mu, da biredinta mai kirfa.

A bakin ƙofa ga wata doguwar mata da sandar dogarawa. Ta buɗe hannu, "Dallie tawa!" Sai yarinyar nan ta shige bayan rigata ta ƙanƙame. Ta raɗa min, "Wannan ba Malamata ba ce. Malamata ƙarama ce." Ai gaskiyarta, ita daga kafaɗa zuwa sama ta san ta, cikin ɗan akwati. Ga doka, uwa ba ta shiga ɗakin. Sauran yara sun zauna, ita ko taku ɗaya ta ƙi.

Mama Vonda ta ce, "Ba na faɗa muku ba? Yarinyar da ba ta san mutane ba sai shanu." Wade sai murza hularsa yake.

Malama ta dube mu, ta ce wa abokiyar aikinta ta riƙe ɗakin, ta ɗingisa ta fita waje ta shiga motarta. Na ɗauka fushi ta yi. Sai wayata ta yi ƙara. Na ɗauka, sai ga fuskarta a ɗan akwati, sai ƙararrawar tumaki.

"Ina kwana 'yar aji uku! Ya Biskit, ya karya?"

Dallie ta leƙo. "Ya sha kwalba biyu."

"Acici! To riƙe wayar da kyau, zan nuna miki wani abu. Kar ki daina kallona." Tana magana tana fitowa daga mota, tana tahowa a hankali, tana ba ta labarin ɓarnar da kyanwa ta yi, har muryar da ke cikin waya da ta bakin ƙofa suka zama ɗaya. Dallie ta dubi waya, ta dubi matar, ta sake duban waya.

"Malama, ashe kina da ƙafafu."

"Har biyu. Ɗayar ce dai ba ta jin magana. Za ki kama min hannu mu shiga?"

Ta kama. Suka shiga.

Muna jira a waje wata mata, Marisol, ta ce kar in yi mamaki. Ta ce lokacin da ɗanta ke kwance a asibiti, Malama ba ta bar shi ya rasa aji ba, ranar da ba ya iya ɗaga kai ita ke karanta masa. Kowace uwa a wurin da nata labarin, kuma ba wadda ta taɓa rubutawa.

Jiya na kira Mama Vonda na gaya mata sakamakon. Ashe har labule ta ɗinka wa ɗakin da ta gyara wa Dallie. Ta ce, "To ɗakin na nan. Ku kawo min ita ranar Asabar, ta zo da littafi, ni ma ai na fi maraƙi kunne."

Malama, na gode. Ke ce kika bar min 'yata a gida. Kujerar da kika ce in ja, ban tashi ba, har na sa sunana a ajin manya, sai na karɓi takardar sakandaren da na bari, don aji huɗu ba zai same ni ina zare ido ba. Ku kuma malaman da za ku gaje ta, in yaro ya kashe kyamara kar ku ce ba ya nan. Ku kasa kunne ku ji abin da ke kicin ɗin.

Ranar darasin ƙarshe Dallie ce za ta karanta wa Malama wannan gaban 'yan aji, da kyamara a kunne. Ita ta ce za ta yi, ba ni na sa ta ba. Kafin ranar, don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa na kusa da shi, musamman iyayen da yaransu suka bi ta hannunta. Ina so in ta kaɗa ƙararrawar nan karo na ƙarshe, ta tarar duk mun hallara.