Masarar da Malama Najiba ta bar mana a gona

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, 5 ga Agusta, 2025, Allah ya karɓi ran abokiyar aikinmu, Malama Najiba Abdussamad, a wani asibiti a nan Funtua, bayan jinyar mako uku. An yi mata sutura bayan sallar Azahar. Ta bar miji da 'ya'ya biyu, da ɗalibai arba'in da huɗu da ke tsakiyar wani aiki da ta sa su.

Malama, ni ne Shitu, malamin darasin aikin gona, wanda kike kira Baba Malam. Ban cancanci in fara rubuta ta'aziyyarki ba, domin duk makarantarmu babu wanda ya kai ni yi miki tsiya. Shekara ashirin da bakwai ina koyarwa da alli da fartanya, sai ga ki kin zo da kwamfuta a jaka kina cewa za ki taya ni tsara aikin ɗalibai. A ɗakin malamai na ce ban taɓa ganin wayar da ta yi noma ba. Kowa ya yi dariya, har da ke.

Amma kin ga abin da na daɗe da rufe ido a kansa. Kowace shekara mukan shuka gonar makaranta, sai dogon hutu ya zo, ɗalibai su watse, ciyawa da awakin unguwa su raba gonar tsakaninsu. Mu dawo mu ba yara maki a kan amfanin da ba wanda ya girba. Ban taɓa kai aikin aji ɗaya kaka ba, kuma ina jin kunyar hakan.

Bara kika ce a kai gonar inda yaran suke. Kika raba aji rukuni shida bisa garuruwansu, na Maska daban, na Gozaki daban, na Danja daban. Kowane rukuni ya roƙi kunya goma a gefen gonar iyaye, ya shuka iri ɗaya a hutun tsakiyar zango. Kika tsara jadawali a kwamfuta, da ranar noman fari da ranar sa taki da sunan mai kowane aiki, kika buɗe zaure a WhatsApp. Yawancin yaran ba su da waya, sai kika bi iyayen ɗaya bayan ɗaya kina roƙon a ara musu duk Asabar su turo hoto da tsawon masara.

Ba zan manta da rikicin awo ba. Mako na biyar, jadawalinki ya nuna masarar Gozaki ta kusa ninka ta Maska tsawo. Na ce to ga shi nan, kwamfuta ta fara ƙarya. Ba ki yi musu ba, kika hau babur kika je da kanki. Ashe da kamu yaran suke aunawa, kamar yadda suka ga ana yi a gida. A Gozaki Ƙauna ke awo, wadda ta fi kowa ƙanƙanta a aji, a Maska kuwa Murtala ne, dogon da sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Kika dawo kina dariya har da hawaye, kika ce laifinki ne da ba ki faɗi abin awo ba. Kika yanko kara shida masu tsawon mita ɗaya kika raba musu. A kakar nan na fara ganin ɗalibaina sun sauke buhunan masarar da suka noma a ƙofar aji.

Bana aka sake shukawa, sai ciwo ya kwantar da ke. Da na je duba ki, kika karɓi wayata kika danƙa min ragamar zauren.

“Baba Malam, kada ka bari masarar nan ta mutu a hutu,” kika ce.

Na ce, “Malama, ni da ko buɗe jadawalin ban iya ba?”

“Zauna in nuna maka.”

Da robar ƙarin ruwa a hannunki kika koya min, sau uku ina ɓatawa kina maimaitawa. Ko sau ɗaya ba ki tuna min da maganganuna na baya ba, kuma wannan ya fi komai yi min ciwo yanzu.

Zan faɗa miki gaskiya. Bayan sadakar uku zuciyata ta karye, na yanke shawarar in rubuta wa yara cewa a dakatar da aikin. Da safiyar Asabar na zauna zan rubuta, sai hotuna suka fara shigowa. Kafin Azahar rukuni shida duk sun turo nasu, ba wanda ya tuna musu. Sai kuma ga saƙon murya daga Alhaji Sanda, mahaifin Murtala:

“Malam, mun ji rasuwar Malama, Allah ya jiƙanta. To yanzu wa zai faɗa mana ranar taki na biyu? Ka san ni ma da jadawalinta nake bin gonata, ni da maƙwabtana huɗu.”

Na saurara sau biyu, na yi kuka irin wanda ban yi ba a maƙabarta. Sannan na buɗe jadawalin kamar yadda kika koya min, na duba, na amsa masa cewa ranar Litinin ce. Na shigar da awon yaran layi-layi, a hankali, da yatsa ɗaya. Aikin bai tsaya ba, Malama, kuma in Allah ya ara min rai sai na kai shi kaka.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya sa ilimin da kika shuka ya zame miki sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Malam Kamalu, da 'ya'yanki Maijidda da Bature, da iyayenki da 'yan'uwanki na Malumfashi, da ɗalibanki Musulmi da Kirista waɗanda suka cika gidan makoki tare. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Ni kuwa ban samu na nemi gafararki ba kina raye, ina roƙon Allah ya haɗa mu a Aljanna in nema da bakina.

Malam Shitu Mannir, Funtua