Motsa Jikin 'Yan Sin da Ya Raba Ni da Kabarin Malam

Ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma kada a gyara mini magana.

A 2013 ɗanmu ya kai mu Alƙahira a duba zuciyar Malam, mijina. Sati uku ya yi a asibiti, Allah ya karɓi abinsa. Can aka binne shi. Na zauna takaba a gidan ɗan nawa a unguwar Ainu Shams, ƙafafuna suka kumbura, jinina ya hau. Likita ya ce ba zan shiga jirgi a haka ba. Wallahi daɗi na ji. Nufina in mutu can, a kwantar da ni kusa da Malam.

Sai surukata ta jajibo mini maƙwabciyarta, wata Musulma 'yar ƙasar Sin. Kullum da hantsi ta shigo ta tsayar da ni a falo: in ɗan sassauta gwiwa, in buɗe hannuwa kamar na rungumi tulu, in ja numfashi har cibiya, in sake shi a hankali. Wai akwai wani ƙarfi mai zagaya jiki, baƙin ciki ne ya toshe nawa.

Na ce wa surukata, "Ke, mai takaba za ki sa rawa?"

Ta ce, "Haba Inna, magani ne. Yalla, ɗaga hannu."

"Yallar gidanku. Gaya mata baƙin cikina ba kwata ba ne da za ta zo yasa."

Ba ta fassara ba. Matar ta yi murmushi ta gyara mini kafaɗa. Ko ruwa ban taɓa cewa a ba ta ba. Don ɗana ya roƙe ni da hawaye nake yi.

Abin haushi, cikin wata biyu kumburi ya saɓe, barci ya dawo, na koma yin sujada da goshina. Ranar komawa asibiti na ƙirƙiro ɗingishi. Likita ya auna jinina ya ce, "Tamam, Hajja," wai na warke, zan iya shiga jirgi. Ɗana har da hamdala.

Da na fita takaba aka kai ni kabarin. Da ƙafata na taka, ba sanda, ina kuka. Washegari aka sa ni a jirgi.

Malam yana can shi kaɗai cikin baƙi, ni ina nan gida da lafiyar da ban roƙa ba. Matar nan ban yafe mata ba.